Gishiri Cokali Biyu

Auta ta tsaya a bakin shagon, idonta a kan gilashi. Kek ɗin kakarta ne a ciki. Mai ɓawon lemo da kanumfari, an tsaga samansa gida huɗu yadda tsohuwar ke yi.

Kuma shagon ba nata ba ne. Na 'yar gwaggon Dogo ne.

Littafi ɗaya tak ke ɗauke da wannan kek. Kakar Auta ce ta rubuta shi da hannunta tun tana amarya, shekara sittin ke nan. Da shi Auta ke sana'a. Ko yayarta ba ta taɓa ba wa aronsa ba. Da takardunsa suka fara zubewa ta kai wa Dogo, mai ɗinkin littattafai, wanda za ta aura nan da wata biyu.

Ta shiga ta sayi yanka ɗaya. 'Yar gwaggon ta naɗe mata tana murmushi, ta ce a gaida Yaya Dogo, ai jiya ma a wajensa ta wuni.

Wuni...

Auta ta same shi yana shafa gam a bangon wani littafi. Ta dire masa kek ɗin a kan tebur.

"Ci."

"Autata, lafiya?"

"Ci na ce. Na ƙanwarka ne. Ko ka riga ka ƙoshi tun jiya?"

Bai yi musu ba. Ya ce 'yar gwaggon ta zo ne ta share masa shago, zare ya ƙare, ya fita saye ya bar ta da takardun a baje. Ya rantse bai san ta ɗauki hotonsu ba. Auta ba ta ji rantsuwar ba. Abin da take ji shi ne maganar mahaifiyarsa, wadda tun farko 'yar gwaggon take so: wai ban da kek me yarinyar nan take da shi? Yanzu ga shi kek ɗin ma ya koma gidan dangi.

Dogo ya gutsura. Fuskarsa ta yamutse, ya laluba kofin ruwa.

Gishiri ne.

Auta ta san dalili. Littafin ya ce cokali biyu. Ita kuwa ɗan abin da yatsa biyu suka ɗauka take sawa, yadda Kaka ta nuna mata a gaban oben. Ta daɗe tana zaton kuskuren rubutu ne. Ba ta gaya masa ba. Ta zare zobenta ta ajiye kusa da gam ɗin, ta ce ya ba ta littafinta. Ya ce bai bushe ba, sai bayan kwana uku.

Kwana ukun nan ba ta ɗauki wayarsa ba. Kek biyu ta ƙona. Duk ƙwan da ta fasa sai ta hango wata tana shara a shagonsa. Yayarta ta ce idan ta ƙona na uku ita za ta je ta auri Dogon, kowa ya huta.

Rana ta huɗu ya yi sallama a ƙofar kicin. Ya miƙa mata littafin, sabon bango, ɗinki tsaf. Ya ƙara da wata takarda a ninke, ta yi ja don tsufa. Ya ce a cikin tsohon bangon ya same ta da ya ɓare shi.

Rubutun Kaka ne.

"Maƙwabciyata tana kwafar littafin nan idan na fita, tana aika wa mijina girkina da sunan nata. Na mayar da gishiri cokali biyu. Sau ɗaya ya ci, bai sake karɓa ba. Wadda ta gaji littafin ta bar shi haka."

Auta ta karanta sau biyu. Ta so ta tsuke fuska, dariya ta ƙwace mata.

"Ashe gado ne," in ji Dogo.

Ya ce ragowar yankan nan ya kai wa Mama, mahaifiyarsa, a gaban gwaggo, ya faɗi inda aka samo shi. Ya kuma gaya musu ranar aure ba za ta motsa ba. Mama ta ɗanɗana, ta sha ruwa. Da safe ta aiko shi ya tambayi ko akwai na gaskiyan.

"Wunin fa?" in ji Auta.

"Rabin awa ta yi. Sharar ma ba ta fita ba."

Ya ajiye zoben a kan littafin. Ta bar shi yana tsaye har sai da ta yanka wa Mama babban yanki ta rufe, sannan ta goge fulawar hannunta ta saka zoben.

Ya buɗe shafin, ya zaro biro daga aljihu.

"In gyara gishirin?"

Ta dafe hannunsa.

"Bar shi. Jikokinmu ma za su yi maƙwabta."