Ba Ciwon Gado Ba Ne

A tashar Magama suka fara ganin juna. Mu'minat, malamar kimiyya a wata makarantar 'yan mata da ke Jibiya, ta sauko daga babur rungume da wani abu mai kama da murɗaɗɗen tsani, wanda ta haɗa da waya da duwatsun ado. Buhun albasa da ake saukewa daga mota ya buge hannunta, abin ya faɗi ya tsage biyu tun daga sama har ƙasa.

Mai albasar, wani dogon saurayi mai suna Zunnuraini da ke fatauci zuwa Maraɗi, ya taho da sauri.

"Subhanallahi! Malama, ki yi haƙuri, na ɓata miki aiki."

"Ba ka ɓata ba," ta ce tana murmushi. "Dama haka yake yi a jikinmu."

Ya tsuguna yana tsince mata duwatsun, ita kuma tana yi masa bayani. Surar DNA ce, saƙon da ke cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum. Kafin ƙwaya ta rabu biyu, sai tsanin ya zuge kamar zif. Jan dutse da kore kawai yake haɗuwa, fari kuma da baƙi, don haka kowane ɓari ya san irin abokin da za a gina masa. Tsani ɗaya ya zama biyu iri ɗaya, kowace sabuwar ƙwaya ta tafi da nata.

"Kuma ba a kuskure wajen kwafar?"

"Ana yi. Amma akwai masu bin baya suna gyarawa, kaɗan ne ke kuɓucewa."

Ya roƙi lambarta, wai ko wata tambayar za ta taso. Tambayoyi kuwa suka yi ta tasowa, har suka daina zama na kimiyya.

"Malamata, na isa Maraɗi lafiya. Jikina ne ya ƙetare boda, zuciyata tana Jibiya."

"To ka dawo ka ɗauki abarka, Nurina, ta hana ni koyarwa."

Bayan sallar layya magabatansa suka kai gaisuwa. A nan ne Mudathir, wani ɗan kasuwa da Mu'minat ta taɓa ƙi, ya je ya shaida wa mahaifinta, Malam Yahya, cewa ciwon dajin hanta ne ya kashe mahaifin Zunnuraini, kuma wai a jininsu abin yake.

Malam Yahya ya kira ta. "Ɗiyata, ban ƙi yaron ba. Amma ba zan kai ki gidan da za ki yi ta jinyar miji da 'ya'ya ba."

Maganar ta kai kunnen Zunnuraini, ta kuma taɓa tsoron da ya daɗe yana ɓoyewa. Ya turo mata saƙo: "Ke kika ce min wani kuskuren yana kuɓucewa. In yana jikina, ba zan cuce ki ba. Ki yafe min." Daga nan ya kashe waya.

Mu'minat ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Da ta natsu, ta je ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ba kowane kuskure ake gada ba. Kada ka ɗauki maganata, kada ka ɗauki ta Mudathir. A tambayi likita."

Shi da kansa ya aika aka nemo Zunnuraini, su biyu suka shiga mota ɗaya zuwa asibiti a Katsina.

Dakta Dabora ta saurari tarihin marigayin, ta sa aka gwada jinin saurayin, sannan ta zaunar da su.

"Baba, cutar shawara ce ta daɗe tana cin hantar mahaifinsa. Hantar tana ta sake sababbin ƙwayoyi, a yawan kwafar ne kurakurai suka taru har suka zama daji. A hantarsa abin ya tsaya, bai shiga abin da ya gadar wa ɗansa ba. Shawarar ce kawai ake iya ɗauka, kuma wannan yaron ba ya da ita. Za mu yi masa rigakafi. Tsawon rai dai na Allah ne."

Zunnuraini ya kife fuskarsa a tafukan hannunsa. Malam Yahya ya dafa shi.

"Tashi, ɗana. Kira ta, tun safe ba ta ci komai ba."

Da ta ɗaga wayar, Zunnuraini ya miƙa wa mahaifinta. Malam Yahya ya karɓa.

"Mu'minat, ki ce wa uwarki ta fara shiri."

Ranar wata Juma'a bayan kaka aka ɗaura auren a Jibiya, fatake daga Maraɗi suka cika unguwar. Da aka kai amarya, Zunnuraini ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonta.

"Har yanzu ban yarda ba," ya ce a hankali.

"Ka daɗa kashe min waya, sai ka yarda," ta ce, tana dariya tana share hawaye.

Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya albarkace su da zuriya mai ƙoshin lafiya. Amin.