Waya ta Uku

Ƙarfe goma sha ɗaya na safe aka bugo waya kwamisariya, ofishin 'yan sanda, aka ce kuran, wato wutar lantarki, ya kashe mace a unguwar Birni.

Mota ba ta shiga lungun, dole Sufeto Alkasum ya bar ta a bakin titi ya taka da ƙafa. Mutum biyu ba sa jerawa a wurin, ga zafin bazara ya taru tsakanin katangu ya rasa mafita. Gidan marigayi Alhaji Kyari yana can ƙarshe, ginin ƙasa ne tun zamanin da ake ɗora ganuwar Damagaram, kaurin bangonsa ya kai kamu biyu.

Gawar tana zaure, an lulluɓe ta da zane. Ramlatu ce, 'yar marigayin, mai shekara ashirin da uku, tana karatun ungozoma. Ta wanke daɓe, ta kama murfin firigon ƙanƙara ba takalmi a ƙafarta. Da taɓarya aka ɓamɓare ta.

"Kwana ne ya ƙare," in ji wani dattijo.

Alkasum ya gaji da jin wannan magana a kan gawar da ganganci ya kayar. "Kwana na hannun Allah, Baba, ba gardama. Amma waya hannun mutum ne ya ja ta. An kashe wutar?"



Ya ɗora ɗan ƙarfen gwaji a jikin firigon, ƙwan ya kama ja. Awa guda da mutuwar yarinya, mutum talatin suna shawagi a zaure, ba wanda ya zare ko soket. Shi ya zare.

"Kontar, mitar wutar gidan, tana ciki, Shef," in ji wani kakkauran mutum mai hula zanna. "Ɗakin yayata Hajja Fanta. Takaba take yi, namiji ba ya shiga."

"Kai ne wa?"

"Mai Nasara, kawun yarinyar. Firigon nawa ne." Ya miƙo takarda mai hatimi. "Ga shaidar aiki, mai dubawa ya sa hannu. Inusa mai gyaran wuta ne ya cuce mu. Mun riga mun kai shi wurinku, da matasa sun gama da shi."

"Me ya sami babban yatsanka?"

Mai Nasara ya dubi tsumman da ya ɗaure yatsan. "Salansar babur."

A kwamisariya, kwamishe, shugaban ofishin, ya riga ya yanke hukunci: gobe da safe a miƙa Inusa gaban alƙali, daga can sai gidan kaso. Gari na son sunan mai laifi, ga suna an kawo har gida.

Alkasum ya sami Inusa a ɗakin tsaro, leɓensa a fashe, ya jingina da bango inda iska ke shigowa ta wani ɗan rami.

"Kai ka ja sabuwar wayar zaure?"

"Ni ne, Shef."

"Kai ka haɗa ta da kontar?"

"Ta ina? Ban taɓa ganin kontar gidan nan ba. Sau uku ina roƙo, Mai Nasara yana cewa ba a shiga. Na huda bango ta waje, na zura wayoyi uku, na naɗe bakin kowacce da salatif shuɗi. Na ce su zauna haka sai an fita takaba."

"Wa zai shaide ka?"

"Littafina yana cikin kayan da aka karɓe mini."

Littafin duk shatin yatsu ne da maiƙo. A shafin ranar an rubuta da manyan baƙaƙe: Ban ga kontar ba. Ban ga makatsar wuta ba. Kada a haɗa. Alkasum ya ɗora shafin kusa da takardar shaida. A takardar, kowane layi an yi masa alamar an duba, har da layin kontar.

"Me ita makatsar take yi?"

"In wuta ta zubo jikin ƙarfe, sai ta bi waya ta uku ta gangara ƙasa, makatsa ta ji, ta faɗi, gida ya yi duhu. Ƙiftawar ido ne, Shef. Da komai na wurinsa, da yarinyar nan ko tsawa ba za ta yi ba. Ita ke kawo mini ruwa ina aiki."

Mai duba aikin wutar, Mushe Illa, wato Malam Illa da Faransanci, yana da ɗan biro, ƙaramin ofis, a unguwar Kara-Kara, fanka biyu na kaɗa masa. Ya tarbi Alkasum da dariya da shayi.

"Shekara ashirin da shida ina wannan aiki, ƙanena. Kana lakwal, kana ɗan makaranta, ina buga hatimi."

"Ka ga kontar gidan Alhaji Kyari?"

"Da idona."

"A ina take?"

"Inda kontar take zama mana. Kana shiga, hannun dama, bayan ƙofa."

"Ranar da ka sa hannu, kwana arba'in da rasuwar mai gidan. Matarsa na ɗakin. Ta yaya ka shiga?"

Illa ya juya cokali a kofi. "To, leƙawa na yi."

"Ɗazu da idonka, yanzu leƙe. In na ƙara tambaya sai ka ce a mafarki."

"Haba Sufeto! Garin nan kowa ya san kowa. Mutum mai furfura ya ce maka komai lafiya, za ka ce ƙarya yake? Haka ake yi tun kafin a haife ka."

"Tashi mu je ka nuna mini bayan ƙofar."

Azahar ta gota lokacin da suka koma Birni. An kai Ramlatu makwancinta, maza sun cika zaure ana karɓar gaisuwa. Alkasum ya nufi ƙofar cikin gida, Mai Nasara ya sha gabansa.

"Shef, ko tsoron Allah babu? Mace na takaba, yau ta binne 'ya!"

"Ba shiga zan yi ba. Sallama zan yi."

Ya ratsa wani siririn soro, ya tsaya gaban labule, ya yi sallama sau biyu.

"Wane ne?" Murya ce da kuka ya disashe.

"Sufeto Alkasum ne, Hajja. Allah ya jiƙan Ramlatu, ya ba ki haƙuri. Ina neman izini in duba kontar da ke ɗakinki. In ba dama, sai in koma."



"Ba dama kamar yaya? Dakata in sa mayafi in koma tsakar gida."

Ta fito a hankali tana dafa bango, ta zauna a tabarma gindin wani tsohon tulu. Alkasum ya tsaya yana kallon ƙasa.

"Hajja, Inusa ya nemi shiga sau uku. An ce kin hana."

"Ni?" Ta ɗago. "Wa ya tambaye ni? Gidan mijina aka ce kada in bari, ba a ce ɗaki ɗaya ba. Kullum nan nake alwala. Da an yi mini magana, da na matsa kamar yadda na matsa yanzu."

Ɗakin ba taga, numfashi ma da ƙyar. Bayan ƙofa, hannun dama, ba komai sai ƙusa da carbi a rataye. Alkasum ya juyo ya dubi Mushe Illa, shi kuma ya dubi silifas ɗinsa.

Kontar tana can ƙurya, sama da jeren kwanukan Hajja. Alkasum ya hau turmi ya haska. Wayoyi uku sun fito daga ramin bango. Biyu an feɗe su, an murɗa su a jikin kusoshi da hannun wanda bai iya ba. Ta ukun tana lilo ita kaɗai, salatif shuɗi na nan a bakinta yadda Inusa ya naɗa. Makatsar kuwa an tsallake ta da guntun jan ƙarfe, gefensa ya yi baƙi da ƙuna.

Ya sauko, ya fito tsakar gida.

"Hajja, tun rasuwar Alhaji, wane namiji ke shiga ɗakin nan?"

"Ƙanena kaɗai. Shi ba a hana shi ba." Ta yi magana a hankali, kamar tana jin abin da take faɗa a karo na farko. "Ranar da ya kawo firigonsa ya hau turmin nan. Daga nan wuta ta dinga ɗaukewa, a yini sai sau biyar, yana shigowa yana tayarwa yana tsaki. Ranar Talata na ji ya yi ƙara, ya fito yana yarfa hannu. Tun ranar ba ta sake ɗaukewa ba. Har na ce masa sannu da ƙoƙari."

Mai Nasara yana tsaye a bakin soro, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Soron ba ya ɗaukar mutum biyu, kuma wani ɗan sanda da ya rako Alkasum ya riga ya tsaya a bayansa.

"Kwance yatsan," in ji Alkasum.

"Na ce maka salansa ce."

"Salansa faɗi take ƙonawa. Kwance mu gani."

Ya kwance. Ƙunar siririya ce, doguwa, daidai kaurin guntun jan ƙarfen.

"Sau biyar a yini makatsar nan tana gaya maka firigonka na zubar da wuta," in ji Alkasum. "Sau biyar! Kai kuma ka toshe mata baki. Ka hana mai aiki shiga, ka jingina abin da takabar yayarka don ka san ba mai ƙarfin halin tambaya."

Mai Nasara ya sulale ya durƙusa. "Ƙanƙarar ce ke narkewa, Ya Fanta. Inusa ya ce sai kin fita, wata uku ke nan, zafi zai wuce. Na ga wayoyi biyu sun isa kunna shi. Ta ukun ban san amfaninta ba, wallahi ban sani ba. Na ɗauka makatsar ce ta tsufa. Ni na roƙi Mushe ya buga hatimi. Ramlatu 'yata ce, Ya Fanta, a hannuna aka yi mata suna."

Hajja Fanta ba ta dube shi ba. Ta ja mayafinta ta rufe fuska.

Ankwa ɗaya aka sa musu, shi da Mushe Illa. Da yake lungun ba ya ɗaukar mutum biyu a jere, haka suka fita a karkace, ɗaya na jan ɗaya, masu zaman makoki suna matsawa jikin bango. Dattijon nan na safe ya buɗe baki zai yi magana, ya haɗa ido da Alkasum, ya fasa.

Bayan la'asar Alkasum ya dawo da Inusa ya ɗauki jakar kayan aikinsa da ta rage a zaure. Inusa ya ɗauka, ya juya zai fita da sauri, sai murya ta fito daga cikin gida.

"Inusa ne?"

Ya tsaya cak. "Ni ne, Hajja."

"Saura mini kusan wata uku a gidan nan, kuma akwai yara suna yawo ba takalmi. Shigo ka duba abin nan."

Ya matso bakin soro yana jan ƙafa. "An ce ba a shiga, Hajja."

"Ga ni a tsakar gida," ta ce. "Ɗaga labulen. Ƙofar nan ba ta taɓa samun kuba ba."