Ruwan Malam Babba

Akwai abin da Sufeto Jaji bai taɓa faɗa wa kowa ba, kuma ya fi wata huɗu yana kwance a durowar teburinsa ta ƙasa, a ofishin 'yan sanda na Kankia.

Wata dattijuwa ce daga Rimaye, mai suna Kubura, ta kawo shi a leda. Farar roba ce mai tsawon kamu ɗaya, cike da gawayi, irin wadda ake ɗaura wa bokitin tace ruwa. Ta ce tun da aka saka mata ita ruwan yake wari, jikarta kuma ta kwana biyu tana amai. Ran nan aiki ya yi masa yawa. Ya ce ta bar robar zai duba. Bai shigar da ƙorafin a rajista ba, bai kuma duba ba. Duk sanda ya jawo durowar sai ya ga ledar, sai ya mayar ya rufe.

Ranar wata Talata da hantsi likita ya kira daga asibiti. Malam Babba, tsohon hedimasta, ya rasu. Amma yadda yawu ya yi ta zubo masa, da yadda ƙwayar idonsa ta ƙanƙance, ba aikin ciwon ƙodarsa ba ne. Alamar maganin ƙwari ce.

Sufeto ya bari aka dawo daga maƙabarta, sannan ya shiga gidan tare da Saje Sadisu. Babbar 'yar mamacin, Hajiya Jamilatu, ma'aikaciya a Katsina, ita ta tare su a tsakar gida.

"Yallaɓai, ba sai ka wahala ba," in ji ta. Ta nuna wata matashiya da ke rakuɓe jikin bango. "Ga ta nan, Lailatu, matar ƙanena. Ita ke ba shi abinci, ita ke ba shi ruwa. Ku tafi da ita."

"Hajiya, a yi haƙuri tukuna. Lailatu, mi Malam ya ci jiya?"

"Tuwon dawa, Yallaɓai. Tukunya ɗaya muka ci duka."

"Akwai wanda ya yi ciwo?"

"Babu."

"Ruwa fa?"

"Nashi daban ne. Likita ya ce ya riƙa shan tatacce, da yawa. Mu randa muke sha."

"Ko yaro bai taɓa kurɓa ba?"

"Haba, Yallaɓai. Wa zai taɓa kofin Baba a gidan nan?"

Aka kai shi ɗakin. Bokiti biyu ne, ɗaya kan ɗaya, da famfo a na ƙasa. Hajiya Jamilatu ta yi bayani. Gawayin da ke cikin robar na kamfani ne, shi ke kama wari da dauɗa. In ya yi wata uku ya ƙoshi, sai a cire a saka sabo, in ba haka ba ya fi rashinsa illa. Kwana goma da suka wuce ta aiko da sabuwa, kuma kullum takan rubuta kwanan wata a gindinta don kada a manta.

"Wadda Yaya Jamilatu ta aiko ce a ciki?" Sufeto ya tambayi Lailatu.

"Ita ce."

Ya naɗe hannun riga, ya murɗe robar ya fito da ita, ya juya gindinta. Babu rubutu. A wuyanta kuwa akwai wani zobe na gam da ya bushe ya yi ruwan ƙasa.

Ya daɗe yana kallon gam ɗin. Ya san shi.

A ofis ya jawo durowa ya fito da ledar Kubura. Ya sa Saje ya nemo zarto, aka yanka robobin biyu a kan jarida. Na kamfani ƙwayoyi ne daidai wa daida kamar tsabar gero. Na cikin waɗannan biyun kuwa dakakken gawayin girki ne, har da ɓawon itace. Wani wari mai hawa kai ya tashi, warin da duk manomi ya sani. Saje ya tona na Malam Babba da bayan biro, sai ga ƙwayar wake guda, ƙwaro ya huda ta.

"Yallaɓai, wannan ta biyun daga ina?"

"Daga durowata."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin girbi."

Saje ya shiga naɗe jaridar a hankali. Sufeto ya so a ce Sajen ya yi masa magana.

Da aka kawo Lailatu, ya ajiye yankakkiyar robar a gabanta.

"'Yar nan, ƙarya kika yi mani. Yanzu haka dangin mijinki na cewa ke kika kashe shi. In kin sake yi mani wata, ba ni da abin da zan tare su da shi."

Ta fashe da kuka. Ta ce wadda Yaya ta aiko suɓuce mata ta yi a siminti, bakinta ya tsage. Ta ji tsoron faɗan Yaya. Sai ta ɓoye ta a ƙarƙashin gado, ta je wurin Nagoggo, mai gyaran famfo a bakin kasuwa, ta karɓo wata.

"Na zubar da ruwan farko, kamar yadda aka koya mani. Bokiti uku na zubar. Baba ya ce yana jin ɗaci-ɗaci. Na ce sabunta ce. Ya ce to, tunda likita ya ce a sha." Ta rufe fuska da mayafi. "Ni na riƙa cika masa kofin, Yallaɓai. Ni da hannuna."

Nagoggo mutum ne mai fara'a, ya haura arba'in. Ya share musu benci da hularsa.

"Ranka shi daɗe, kayana daga Kano suke zuwa, a liƙe. Ni dai in ɗaura kawai."

"Tsofaffin da kake cirowa a gidajen mutane fa?"

"Bola. Mi za ni yi da su?"

"Wace bolar? Mu je mu gani."

"Ai yara sun kwashe."

"Ka yi noma bana?"

Nagoggo ya saki jiki, ya yi dariya. "Alhamdulillahi. Wake na yi, can gida Dudunni. Sai dai ƙwaro, ranka shi daɗe, kamar an aiko shi."

Sufeto ya ciro 'yar takarda daga aljihu, ya warware ta a kan bencin. Ƙwayar waken ta gangara ta tsaya.

"A Kano ma wake suke sa wa a ciki?"

Dariyar ta tsaya.

Dudunni ƙasar Kusada ce, don haka sai da suka biya ofishin can aka haɗa su da kurtu ɗaya. Da la'asar suka isa. A ɗakin ajiyar Nagoggo buhunan wake ne jere, an barbaɗe su da farar hodar magani. A bayansu ga turmi baƙi ƙirin, ga tarin tsofaffin robobi, ga gwangwanin gam. An shanya dakakken gawayi a kan wani tsohon buhun wake. A lungu kuma wani shuɗin durom ne rabi da baƙin ruwa.

Sufeto ya sunkuya ya shaƙa, ya ɗago da sauri.

"Mi kake yi da durom ɗin nan da damina?"

Nagoggo ya kau da kai.

"Nagoggo."

"Maganin feshi nake haɗawa a ciki." Ya durƙushe a ƙasa. "Wallahi na ɗauraye shi, sau uku. A ciki nake jiƙa gawayin don ƙura ta fita. Ni a ganina gawayi gawayi ne. Kakanninmu ma da shi suke gyara ruwan randa. Ban yi nufin kashe kowa ba, balle Malam. Shi ya koya mani karatu."

"Ba wanda ya taɓa yi maka ƙorafi?"

"An yi. Wata tsohuwa daga Rimaye. Ta ce ta kai ofishinku." Ya share hanci da hannun riga. "Na tsorata ƙwarai. Na daina, sati biyu ina zaune ina jiran a zo. Da na ga ba wanda ya zo, sai na ce ashe ba wani abu ba ne. Na ci gaba."

Saje Sadisu ya mai da idonsa kan buhunan. Sufeto ya dafa bango.

"Gida nawa ka saka wa tun daga lokacin?"

"Sha tara."

"Faɗi sunayensu. Saje, rubuta. Ba mai sallar magariba a cikinmu sai an cire ta ƙarshe."

Aka sa wa Nagoggo ankwa. Matan gidan suka leƙo ta bayan danga ana fita da shi. Kurtun Kusada ya tura kansa cikin mota.

Gida goma sha tara suka bi, daga Yashe har cikin Kankia. A biyu daga ciki an sami masu ciwon ciki, aka wuce da su asibiti.

Washegari Sufeto ya koma gidan makoki. A gaban dangi ya ajiye tsagaggiyar robar da aka ciro daga ƙarƙashin gado, da rubutun Hajiya Jamilatu a gindinta. Ya faɗi abin da Nagoggo ya amsa.

"Laifin yarinyar nan tsoro ne," in ji shi. "Akwai wanda nashi ya fi nata. An kawo mani irin robar nan wata huɗu da suka wuce, na ajiye ban duba ba. Na rubuta haka a rahotona, da kwanan watan, yana teburin Difi'o, shugaban ofishinmu."

Hajiya Jamilatu ta dube shi tsawon lokaci. Ba ta ce ta yafe ba. Ta juya ta ce, "Lailatu, tashi daga ƙasan nan, ki shiga ciki."

Daga nan bai koma ofis ba. Ya hau babur ɗinsa ya nufi Rimaye, ya yi tambaya har aka nuna masa gidan. Kubura na zaune a inuwa tana tsince wake a faifai. Ta ɗaga kai, ta gane shi.

"Yallaɓai, yau kai ne a garinmu?"

Ya cire hula, ya zauna a kan kututture, ya buɗe littafinsa a gwiwa.

"Inna, ina jikar taki? Faɗa mani tun daga farko."