Zaren Hular Jariri

Cikin Nayeli wata bakwai, amma ba ta daina ɗaukar kaya ba. Aikinta ke nan a gidan talabijin. Tulun fure, wasiƙar ƙarya, jinin ƙarya, duk abin da 'yan wasa za su taɓa, ita ke fito da shi, ita ke mayarwa.

Ran nan aka ɗauki wurin da wata uwa ta rasa jaririnta a wasan. Ɗan farin akwatin gawa da aka sayo a kasuwar tsofaffin kaya, kyandir huɗu, 'yar tsana a ciki. Darakta ya leƙa, ya ja tsaki.

"Wannan kan mutum ne ko ƙwallo? A rufe min shi!"

Nayeli ta ciro hular ulu ruwan ɗorawa daga jakarta, wadda kakarta Chabela ta saƙa wa abin da ke cikinta, ta sa wa 'yar tsanar. Mai hankali ba ya haka. Ita ta yi don a gama da wuri, ƙafafunta sun kumbura.

Da yamma a tashar bas, tana gaigayar masara da barkono, ta ba kakar labari a waya har da dariya.

Kaka ba ta yi dariya ba.

"Duk bokonki kanki fanko ne. Hular mai rai a akwatin gawa? Koma ki ɗauko. Kada ta kwana can."

"Kaka, ƙafata fa..."

"Ba da ƙafar kika yi shirmen ba? Koma!"

Rana na faɗuwa ta iso. Don Fulgencio mai gadi ya buɗe mata ɗakin kaya.

"Uwar biyu, me aka manta? Yi maza, yanzu za su kunna jar fitila."

Dokar gidan ce. Jar fitila na kamawa, an fara ɗaukar hoto a ɗakin kusa, sai a kulle ƙofofi ta waje. Bango kuma duk soso ne. Ko ihu ba ya fita.

Ta wuce tsakanin kantoci. Warin ƙura, warin kyandir da aka kashe. Akwatin na can ƙurya. Ta ɗaga murfin.

Babu komai a ciki.

Bayanta ƙofa ta ce ƙaras. Jar fitila ta kama.

Sai ta ji ƙiiƙ. Ƙiiƙ. Kujerar lilo ce, a tsakiyar gumakan da ake rataya wa tufafi. Nayeli ta san gumakanta, shida ne. Yau bakwai, ta bakwan mace ce a zaune, lulluɓe da baƙin mayafi, warin jiƙaƙƙiyar ƙasa na tashi daga jikinta. 'Yar tsanar na cinyarta, da hula.

"Mun gode," matar ta ce a hankali. "Nawa da kai tsirara aka tafi da shi."

"Baiwar Allah, aro ce," in ji Nayeli. "Ta ɗana ce."

"Ai na sani."

'Yar tsanar ta harba ƙafa.

Nayeli ta dafe ciki. Tun safe yaron ke shure-shure. Yanzu tsit. Cikin ya yi sanyi kamar tulu.

Ta ruga ƙofa, ta doka, ta kira Don Fulgencio. Soso ya shanye.

Ƙiiƙ. Ƙiiƙ.

Yatsun roba na 'yar tsanar suka buɗe, suka rufe.

Nan Nayeli ta tuna. Kaka ba ta ɗaure zaren ƙarshe na kayan jariri sai an haihu. Ga shi kuwa, yana reto a ƙeyar hular.

Ta matsa. Numfashin matar da sanyi kamar bakin rijiya. Ta miƙa hannu tamkar mai gyara wa yaro hula, ta naɗe zaren a yatsa, ta fara ja da baya.

Layi ɗaya ya warware. Na biyu.

Lilo ya tsaya.

"Yana jin sanyi," in ji matar.

Nayeli ta ci gaba. Tana ja, tana naɗewa, har bayanta ya bugi ƙofa. Matar ta miƙe. Ba a jin takunta.

Layin ƙarshe. Zaren ya ɗaure tamau, wani na riƙe da shi ta can.

Nayeli ta fizga. Ya tsinke.

Yaron cikinta ya shure ta a haƙarƙari, shurin da ya durƙusar da ita. Fitila ta mutu, ƙofa ta buɗe, ta faɗa jikin Don Fulgencio.

A gida Kaka ba ta ce sannu ba. Ta karɓi zaren, ta auna da hannu, ta sake aunawa.

"Taƙi ɗaya babu."

Washegari aka sami 'yar tsanar a cikin akwatin gawar, da guntun ulu ɗaure a wuyan hannun hagu, ƙulli uku. Nayeli ba ta sake taka ɗakin ba, ta koma wajen ɗinki.

An haifi yaron lafiyayye, kilo uku da rabi. Sai dai hannunsa na hagu ba ya ɗumi, ko a tsakar rana. Likita ya duba, ya ce ba komai.

Kaka ba ta yi musu da shi ba. Kowace shekara takan saƙa wa yaron safar hannu guda ɗaya, ta ɗaure zarenta da kyau.