Tauraro Biyu Cikin Biyar

A rana ta biyu ta bikin nuna finafinai suka haɗu, a layi na bakwai, inda kujerar ƙarshe take da karyayyen hannu. Ita ce a kanta, da ɗan littafi a cinya, tana rubutu cikin duhu. 'Yar Biro ake ce mata, don sharhin fim take yi a shafinta na intanet. Shi kuwa Dogo yana gefenta, sai leƙen littafin yake.

"Malama, kina ganin abin da kike rubutawa kuwa?"

"Hannuna ya san hanya. Kai dai kalli gabanka."

Bai kalli gabansa ba. Kwana huɗu suna zama tare, in an fito su tsaya a baranda suna musu a kan wane fim ne ya fi wani. Kafin a ce me, ya koma kiranta Alƙaliyata. Sai ana gobe rufewa ya gaya mata shi ma yana da gajeren fim, kuma na farkonsa ne.

"Kar ki ji tausayina," in ji shi.

"Ban saba ba."

Fim ɗin na wata tsohuwa ne da mijinta ya rasu, tana zaune a kan sallayarsa tana kuka. Rabin zauren sai da suka share ido. 'Yar Biro ta koma gida ta rubuta: "Hoto ya yi kyau, labari ya taɓa zuciya. Amma duk fim ɗin a kan kukan tsohuwar ya tsaya, kuma kukan bai fito daga ciki ba, ido ne kawai ya kawo ruwa. Tauraro biyu cikin biyar."

Washegari saƙonsa ya shigo: "Tsohuwar nan Ummata ce. Sallayar ta Babana ce, Allah Ya jiƙansa. A gabana ta yi kukan nan."

Ta daɗe riƙe da waya kafin ta rubuta: "Wallahi ban sani ba, Dogona. Ka yafe min ciwon da na ji maka."

"To ki goge."

"In na goge, gobe in na ce ina son ka, da me za ka yarda?"

Fim ɗin bai ci kyautar komai a bikin ba. Dogo ya tura kyamara ƙarƙashin gado, ita kuma ta rufe shafinta, don duk fim ɗin da ta kunna fuskar tsohuwar take gani. Sati bakwai ba kira, ba saƙo. Amma so ba ya jin magana. Ran nan ya rubuto: "Na yi fushin har na gaji. Ke nake so, Alƙaliyata. Zan gaya wa Umma."

Umma kuwa tuni maƙwabta sun karanta mata sharhin, har da ƙarin gishiri.

"Wadda ta tsaya gaban duniya ta ce kukana na ƙarya ne? Ba da ni a raye ba."

Ya kai ƙara wajen kawunsa, ya kai wajen yayarsa, duk a banza. A can gidan su 'Yar Biro kuma, mai gabatarwa na bikin, wanda bai taɓa kushe fim ɗin kowa ba, ya fara aiko manyansa. Abbanta ya kira ta.

"Ba zan miki dole ba. Amma dubi wuyanki, duk kin rame. Gidan da ba a son ki, me za ki je yi? Ki ba ni amsa ƙarshen wata."

Ta yi ta addu'a, ba ta ga hanya ba. Saura kwana uku wata ya ƙare ta ɗauki mayafi ta tafi gidan su Dogo, ba da saninsa ba. Ta tarar da Umma tana guga a tsakar gida. Ta durƙusa ta gaishe ta. Umma ba ta ɗago ba.

"Kin zo ki ce kin yi kuskure?"

"Na zo ba ki haƙuri, Umma. Da na san ke ce, da na sassauta harshe. Amma abin da na gani na rubuta. In shi zai raba mu, to haka Allah Ya so."

Umma ta ajiye dutsen guga. Yarinyar ta yunƙura za ta tashi.

"Zauna. Albasa ce."

"Na'am?"

"Albasa na ƙulle a bakin mayafina. Ranar da mutumin nan ya rasu, yara biyar ke kallon fuskata, sai na haɗiye kukan. Shekara shida ya ƙi dawowa. Yaron nan ya kafa min kyamara yana jira, in ce masa ba ni da hawayen ubansa? Mutum ɗari uku suka kalla, ke kaɗai kika kama ni. Ba ƙin ki nake ba, 'yar nan. Kunyarki nake ji."

Sai muryarta ta karye. Kukan shekara shida ya zo gaba ɗaya, irin wanda ba shi da kyan gani. 'Yar Biro ta rungume ta, ita ma tana yi. Dogo, da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa ya ji komai, ya zame ya zauna a ƙasa.

Da Umma ta lafa, ta fyace hanci ta harari yarinyar.

"To, malamar sharhi, wannan kuma tauraro nawa?"

"Wannan ba na kallo ba ne, Umma."

Umma ta juya wajen Dogo. "Ka ji ta ko? Tashi ka kira kawunka. Matar da ba ta iya ƙarya ba, ba a barin ta ta kwana a kasuwa."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Dogo ya zaro kyamara daga ƙarƙashin gado ya kaɗe mata ƙura, amma Umma ta ce ko kusa da ita kar ya kawo. Ta dafa kawunansu ta ce Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, Ya sa gaskiyar da ta kusa raba su ita za ta riƙe su. Kowa ya ce amin. Umma ta share ido da bakin mayafi, kuma ba komai ƙulle a ciki.