Wa Zai Ba Da Auren Suguna?

A bakin kogin Godawari suka haɗu, da sassafen wata Litinin cikin watan Kartika, lokacin da matan Rajamandri ke sakin fitilu a kan ruwa. Ta kowa ta tafi, ta Suguna ta maƙale a jikin kwale-kwale. Sai wani dogon saurayi ya naɗe ƙafar wando, ya shiga ruwan har gwiwa ya tura ta.

"In addu'ar ta karɓu, ina da kaso," ya ce.

"Ka san abin da na roƙa?"

"A'a."

"A rage wa garin nan masu shisshigi."

Ya yi dariya har ya kusa zamewa. Sunansa Bhaskar, malamin lissafi ne a sakandare, ita kuwa ma'aikaciyar jinya ce. Kafin wata ya ƙare ta zama Zinariya a bakinsa, shi ya zama Malam Shisshigi.

Wata bakwai suna tare, babu abin da ba su tambayi juna ba, har irin mangwaron da kowa ya fi so. Abu ɗaya suka manta, wanda kowace tsohuwa a garinmu ke tambaya kafin ta ba baƙo ruwa: gotra, wato kakan farko da gida ke jingina kansa gare shi. Yaran zamani ke nan.

Ranar da suka je haikali tare, mai hidimar wurin ya karɓi kwakwar da suka kawo ta ibada ya ce, "Suna da gotra?"

"Kaundinya," suka ce baki ɗaya.

Tsohon ya yi murmushi. "Ashe wa da ƙanwa ne. Yaro, Ubangiji ya ba ka ikon kai ta gidan mutunci."

A wurinmu masu gotra ɗaya ba sa auren juna. Har suka fito suka sa takalma, babu wanda ya iya duban ɗan'uwansa.

Mahaifinta, Subbarao, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ita kaɗai ya haifa. Da ta durƙusa ta gaya masa komai, bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata ta ke nan.

"Yaron ba shi da aibu," ya ce. "Amma ƙanwarsa ce ke."

"Baba, shekara dubu nawa da wannan kakan? Ko garinsu ba mu taɓa zuwa ba!"

"Ban ƙirga ba. Ubana ma bai ƙirga ba."

Da bango ya tsage, ƙadangare ya samu wurin shiga. Gwaggo Kameswari ta iso da hoton wani injiniya daga Haidarabad, tana ta kuranta shi. "Shi wannan na tambayi gotrarsa tun kafin in tambayi sunansa," ta ce, tana hararar Suguna.

Bhaskar kuwa ya yi shiru kwana tara. A na goma ta rubuta masa: "An kawo mini miji. Tunda ka karɓi matsayin wa, sai ka zo ka taya ni zaɓe."

Amsa ta zo nan take: "Zinariyata, ban gudu ba. Kunyar Baba nake ji. Kwana tara ina bin malamai gida gida. Akwai hanya, amma ba ni da fuskar da zan roƙe ta. Ki tambayi kawunki."

Kawu Narasimha, ƙanin mahaifiyarta, shi ya zo ya faɗa a tsakar gida. Hanyar tsohuwa ce. Uba zai sallama 'yarsa a gaban wuta ga wani mai gotra dabam, ta zama 'yar wancan, ta ɗauki gotrarsa. Daga nan aure ya halatta.

"Ni zan karɓe ta, Yaya," ya ce. "Sai dai ka san sauran."

Kowa ya san sauran. Wanda ya karɓa shi zai yi kanyadan, shi zai wanke ƙafar ango ya ɗora hannun amarya a na angon. A wurinmu babu ladan da ya kai wannan ga uba, kuma mai 'ya ɗaya sau ɗaya yake samunsa a duniya.

Subbarao ya miƙe. "Na goya, na yi jinya, na biya makaranta, ranar biki kuma in zauna cikin 'yan cin shinkafa?" Ya shige ɗaki ya ja ƙofa.

Suguna ta yi kuka har idonta ya kumbura, domin ta san ba taurin kai ba ne. Ta rubuta wa Bhaskar: "Ba zan ƙwace wa Baba wannan ba. Ina son ka, amma ka yafe mini." Ya amsa: "Ba zan ce ki ƙwace ba. Ni dai ba zan auri kowa ba."

Washegari ta sami mahaifinta yana tsinkar furannin ibada. Ta ce, "Baba, ka gaya wa Gwaggo na amince da injiniyan. Kai za ka ba da ni."

Ya daɗe yana kallonta. Ta rame, murmushin da ta ƙaƙalo ma bai zauna ba.

"Kina son sa?"

"Zan koya."

"Wato in ba da ke kina kuka, in je in karɓi lada." Ya ajiye kwanon furen. "Wane irin lada ne wannan? Kira mini kawunki."

Ranar sallamawa, da aka zo inda Subbarao zai furta cewa ya ba da ita, sai da ya maimaita sau biyu kafin aka ji shi. Suguna ta faɗa jikinsa. "Tashi," ya ce a hankali, "je ki gai da babanki." Ba ta taɓa jin magana mai ciwo irin wannan ba.

Safiyar ɗaurin aure sai ga wata matsala da babu wanda ya tuna da ita. A al'adarmu kawu ne ke ɗauko amarya cikin babban kwandon gora ya kai ta rumfar aure. Ga Suguna zaune cikin kwando da kwalliyarta, ga Kawu Narasimha can a kujerar uba, shi kaɗai ne kuma ɗan'uwan mahaifiyarta. Masu algaita suna ta busa, mata sun fara ƙus-ƙus.

"Ai ga irinta nan," in ji Gwaggo Kameswari. "Amarya ba mai ɗauka."

Sai Subbarao ya taso daga cikin baƙi, yana ɗaure mayafinsa a ƙugu.

"Ya ɗauki aikina, ni ma na ɗauki nasa."

"Baba, bayanka!" in ji Suguna.

"Yi mini shiru. Na ɗauke ki lokacin da kike tsala ihu kina shure-shure, balle yau da kike zaune lafiya."

Wani maƙwabci ya kama gefe guda. Tsohon ya yi nishi ya ɗaga, ya taka a hankali, gumi na zuba, har ya dire ta a gaban Bhaskar. Ango ya sunkuya ya taɓa ƙafafunsa, hawaye na ɗiga a kansu.

Kawu ya yi kanyadan, Bhaskar ya ɗaura mata igiyar aure a wuya, aka yi ta watsa musu shinkafa mai kurkum ana sa albarka. Da aka ce su gai da iyaye, Suguna ta gai da Kawu yadda aka tsara, sannan ta ja hannun mijinta zuwa wurin tsohon da ke zaune yana dafe da ƙugu.

Ya ɗora hannu a kawunansu. "Ubangiji ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka." Ya dubi Bhaskar. "Ba ni na ba ka ita ba, yaro. Amma ni na kawo ta, na kuwa san nauyinta. Ka riƙe da kyau."