Dawar da Ramalan Ya Tafi da Ita

Amatullahi tana tankaɗe a tsakar gidansu a Unguwar Gai sai ta jiyo faɗan mahaifinta, Malam Isiyaku, daga zaure.

"A faɗa wa Mujahid kada ya sake tako min gida! Ashe jinin Ramalan ne!"

Ta ajiye rariya. Saura sati biyu fa a sa ranarta da Mujahid, malamin firamare a Rano. Da mahaifinta ya shigo ta durƙusa ta ce: "Baba, me ya yi?"

"Shi bai yi komai ba. Kakana Sallau da ƙanensa Ramalan su suka sare daji suka kafa gidan nan. Shekarar da aka yi fari, Ramalan ya kwashe dawar rumbu ya gudu Rano, ya bar mu da yunwa. Tun ranar ba ma haɗa aure da su."

Wata guda Amatullahi ba ta ci abincin kirki ba. Duk ƙarar waya sai ta yi fargabar ko Mujahid ne zai ce ya haƙura.

"Wallahi na rikice," in ji Mujahid a waya. "Amma fa kar ki yi wa Baba musu, kin ji? Wa ya rage da ya san Sallau?"

Akwai mutum ɗaya: Goggo Lubabatu, autar Sallau, tsohuwa tukuf a Kahu. Amatullahi ta je ta zayyana mata komai cikin kuka.

"La'ilaha illallahu! Har yanzu?" Goggo ta dafe ƙirji. "Babana da hannunsa ya ɗora wa Ramalan dawar nan a jaki, don matar Ramalan na da tsohon ciki. Tsoron mutan gida ya sa ya ce sata ce. A ciwon ajalinsa ya faɗa min yana hawaye. Na gaya wa yayyena, suka ce shirmen yarinya ne. Tashi, nemo mana adaidaita mu je wajen babanki!"

Malam Isiyaku ya saurari goggonsa kansa a ƙasa. Kwana uku yana juya maganar, Amatullahi kuwa kamar ta zauce. Ran na huɗu ya sa babbar riga, ya sayi goro, ya nufi Rano da kansa neman gafarar zuri'ar Ramalan.

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Da Amatullahi ta bijire wa mahaifinta, da an rasa auren, an rasa zumuncin. Gabar da aka gada, a bincika tushenta kafin a ɗora wa 'ya'ya.